Ra'ayinmu: Mai ba shafukan intanet masauki a Tahoua, ina ka ajiye kayan baƙinka?

A Tahoua, kamar sauran manyan garuruwan Nijar, duk makaranta mai zaman kanta, ko gidan rediyo, ko ƙungiyar manoman albasa, ko ƙungiyar 'yan asalin wani ƙauye da ke son a san da ita a intanet, a ƙarshe hannun wani matashi take faɗawa. Shi zai gina mata shafi, shi zai nema wa shafin masauki, wato wurin da za a ajiye rubutu da hotuna da murya yadda duk wanda ya nema zai samu dare da rana, shi ne kuma zai riƙa karɓar kuɗin haya. Daga shafi biyar a kai ashirin, sai matashin ya fara tunanin mayar da abin kamfani, ya kira yayansa da ke bida a Abijan ko Libiya ya ce a taimaka masa da jari. Wannan abin farin ciki ne a yankin da ya daɗe yana fitar da samarinsa neman abinci. Sai dai kafin a tura kuɗin, akwai tambayar da ya kamata mai jari da mai sana'a su tsaya a kanta: a ina za a ajiye kayan mutane, kuma me zai faru ranar da wurin ya lalace?

Adarawa sun san wannan sana'a tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Duk wanda ya taɓa sauka a zango ya san mai masauki, mutumin da ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi har ya gama cinikinsa. Darajar mai masauki tana ga ranar da baƙo ya dawo ya ce a ba shi ajiyarsa, aka miƙa masa ita cif. Haka abin yake ga mai ba shafuka masauki. Abin da yake sayarwa amana ce. Rajistar ɗaliban makaranta, da lissafin gudummawar da 'yan ci-rani suka tara don gina rijiya ko aji a ƙauyen Keita ko Bouza, da shirye-shiryen da gidan rediyo ya naɗa da dattawan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, duk suna zaune ne a kan wani faifai da ke juyawa a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba.

Masu tallar kayan ajiya abu biyu suke yi wa mutum alƙawari: rumbun da zai faɗaɗa gwargwadon ƙaruwar abokan ciniki, da rumbun da ba ya tsayawa. Duka biyun ana buƙatarsu. Amma a ganinmu akwai na uku da ya riga su, shi ne ikon dawo da kayan mutane bayan ɓarna. Wanda zai fara wannan sana'a a Tahoua da ɗan jarin da ke hannunsa, a nan ya kamata kuɗinsa na farko ya tafi, sannan ya yi maganar girma da sauri.

Dalilinmu shi ne abin da ya samu waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki. Jim kaɗan bayan tsakar dare, ranar 10 ga Maris na 2021, gobara ta tashi a cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, kamfanin da masu shafuka da yawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suke haya a wurinsa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ɓangaren na biyu ya lalace, shafuka kusan miliyan 3.6 suka ɗauke a lokaci guda. Waɗanda suke da kwafin kayansu a wani gari sun tashi cikin sa'o'i ko kwanaki. Wasu kuwa sun biya kuɗin kwafin ko-ta-kwana, sai daga baya suka gano a harabar da ta ƙone aka ajiye shi. An je kotu a Lille, an yi shari'a, amma babu alƙalin da zai iya dawo da abin da ya zama toka.

A watan Agusta na 2023 wani kamfanin masauki na ƙasar Denmark mai suna CloudNordic ya faɗa hannun masu kutse, irin waɗanda ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. Da suka shiga, sun kulle rumbun aiki, sun kuma kulle rumbunan ko-ta-kwana, domin duka ana iya kai wa gare su ta hanya ɗaya. Kamfanin ya fito ya gaya wa mafi yawan abokan cinikinsa cewa kayansu sun tafi. Kafin nan, a ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban kundin bayanai bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiye kwafi, amma da aka je ɗaukowa sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin ɓarnar. Gobara, da ɓarawo, da kuskuren hannu: babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da ke buƙatar biza kafin ya iso Adar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne matasa da yawa ke ruɗuwa da abin da ake kira RAID, tsarin da ke haɗa faifai biyu ko fiye su riƙa rubuta abu ɗaya, ta yadda idan ɗaya ya mutu aiki zai ci gaba. Tsari ne mai amfani, domin faifai na mutuwa. Kamfanin Backblaze, wanda ke wallafa ƙididdigar dubban ɗaruruwan faifan da yake amfani da su, yana nuna cewa tsakanin 1 da 2 cikin 100 kan mutu a shekara, a ɗakunan da ke da sanyi da tsabta da wutar da ba ta rawa ke nan. Amma RAID maganin mutuwar faifai ne kaɗai. Idan ka goge abu bisa kuskure, a duka faifan zai goge nan take. Idan mai kutse ya kulle, duka zai kulle. Idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin, duk suna ciki. Manomin da ya raba damminsa gida biyu a cikin rumbu ɗaya ya san bai tsere wa gobara ba.

Sai mu dawo gida mu dubi ƙasar da za a kafa sana'ar a kanta. Na farko wutar lantarki. Kafin takunkumin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, kuma jihohin Tahoua da Maradi da Damagaram suna rataye ne da layin da ya taso daga Katsina. A farkon Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Kowa ya tuna yadda aka yi waɗannan watanni. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 take bayarwa, kuma da rana kawai. Gawayin Salkadamna da aka daɗe ana sa rai a kansa har yanzu bai haska gidan kowa ba. Ita kuwa saba ba ta san layin wata unguwa ba ne yau. Tana son wuta awa 24, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata kundin bayanai ko da injin bai ƙone ba.

Na biyu zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tahoua kan wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma ƙura na shiga duk inda iska ke shiga. Saba tana fitar da nata zafin, don haka dole na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki ba tsayawa, ita ma da nata cin wutar. Wanda ya lissafa kuɗin saba kaɗai, bai lissafa batura da farantan sola da janareta da mansa da na'urar sanyi ta biyu da za ta karɓa idan ta farko ta tsaya ba, bai fara lissafi ba tukuna. Na uku hanyar intanet. Shafin da ke zaune a wani shago a Tahoua a kan layi ɗaya, duk ranar da layin ya yanke ya ɓace wa duniya, alhali da yawa daga masu buɗe shi suna Abijan ko Legas ko Tamanrasset. Zuwan Starlink Nijar a watan Maris na 2025 ya ba da damar samun layi na biyu, amma bai canza lissafin wuta da zafi ba.

Saboda haka shawararmu ga mai farawa ita ce kada ya ɗora shafukan mutane a kan injin da ke ɗakinsa. Ya yi hayar wuri a cibiyar da aka gina don wannan aiki, mai layukan wuta da na intanet fiye da ɗaya. Babu abin kunya a ciki. Dillalin albasar Galmi ba sai ya mallaki tirela yake kai kaya Abijan ba. Abin da matashin Tahoua ke da shi wanda babban kamfanin waje ba shi da shi, shi ne yana jin harshen abokin cinikinsa, yana karɓar kuɗi a hannu ko ta Nita da Amana, kuma ana iya zuwa a same shi.

Amma ajiya a waje ma tana da nata ƙayoyin, kuma mun taka su. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe fiye da goma, har da Nijar wadda ba ta da teku, ta hanyar maƙwabta take samun nata. Shafukan da ke Turai suna nan lafiya, hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Sai maganar biya. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba a ƙarshen Yulin 2023 ya haɗa da dakatar da hada-hadar kuɗi, kuma ya ɗauki kusan wata bakwai kafin a ɗage shi a watan Fabrairun 2024. Kamfanin waje ba ya jin uzurin siyasa: idan kuɗin haya bai shiga ba zai rufe, bayan ɗan wa'adi ya goge. Wanda ke haya a waje ya biya watanni a gaba, ya kuma tanadi hanyar biya ta biyu. A nan ɗan'uwan da ke ƙetare zai yi amfanin da ya wuce ba da jari. Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan mutane ta watan Disambar 2022, wadda hukumar HAPDP ke kula da ita, ta gindaya sharuɗɗa kan tattara bayanan jama'a da fitar da su waje. Mai riƙe da rajistar ɗalibai ko ta marasa lafiya ya karanta ta kafin ya zaɓi ƙasar da zai kai ajiya.

Tunda gida da waje kowanne da irin haɗarinsa, hikima ita ce a raba. Masana harkar suna da tsohuwar ƙa'ida: kwafi uku, a kan nau'in ajiya biyu, ɗaya a wuri mai nisa. Ga mai sana'a a Tahoua fassararta mai sauƙi ce. Kwafi na farko shi ne wanda ke aiki a cibiyar da ya yi haya. Na biyu ya tafi kullum da dare zuwa wani kamfani daban a wani gari daban, da mabuɗin sirri daban, kuma a tsara shi yadda saba ta farko za ta iya ƙara abu amma ba za ta iya gogewa ba. Na uku ya sauko gida, a kan faifan da ake haɗawa a kwafa sannan a cire a kulle a akwati. Wannan na ukun ba ya buƙatar wuta awa 24, ba ya jiran katin banki, kuma mai kutse ba ya iya kai wa ga faifan da ba a haɗe yake ba. Shi ne rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai shekarar da damina ta ƙi.

Kuma a riƙa gwadawa. Kwafin da ba a taɓa ɗauko shi aka tayar da shafi da shi ba, zato ne kawai. Ko sau ɗaya a wata, a zaɓi shafin abokin ciniki guda, a tayar da shi daga kwafi a wani wuri, a duba agogo. Agogon yana da muhimmanci. Terabait 1 a kan layi mai gudun megabit 20 zai ci fiye da kwana huɗu da rabi kafin ya gama wucewa, in layin bai yanke ba ke nan. Wanda ya yi wannan lissafi tun yau zai san waɗanne shafuka zai fara tayarwa ranar da abin ya faru, da abin da zai gaya wa sauran.

Maganar faɗaɗa kuma, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ke cika rumbu da sauri shi ne hotuna da murya da bidiyo. Kundin da ke riƙe da sunaye da rubutu da lissafi ƙarami ne, amma shi ne ran shafin. A raba su tun farko. Kundin ya zauna a kan faifan SSD mai sauri, da abokinsa a wata saba da ke kwafar duk abin da aka rubuta. Hotuna da murya su tafi irin rumbun da ake kira S3, inda ake biyan gwargwadon abin da aka zuba, ba tare da sayen injin da rabinsa zai zauna fanko ba. Sai dai a karanta farashi har ƙasa. A farashin Amazon da aka saba, ajiye terabait 1 kusan dalar Amurka 23 ne a wata, amma fitar da shi kusan dalar Amurka 90 ne. Shiga da sauƙi, fita da tsada, kuma gidan rediyon da ake sauraron shirye-shiryensa kullum fitarwa yake yi. Akwai kamfanonin da ba su caji kuɗin fita ko suna rangwanta shi, a neme su. Shi kuwa gina rumbun kai mai injuna da yawa, irin na manhajar Ceph, a bar shi sai ciniki ya kai. Bisa tsarinsa na asali kwafi uku yake ajiyewa a kan injuna aƙalla uku, wato mai son terabait 10 zai sayi 30, ya ciyar da su wuta, ya kuma samu wanda zai tashi ƙarfe biyun dare idan sun rikice.

Sannan a faɗa wa abokin ciniki gaskiya. Tallar da ke cewa shafinka zai yi aiki kashi 99 cikin 100 tana da daɗin ji, amma ma'anarta ita ce yana iya ɗaukewa fiye da kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kusan awa 9 ne, kashi 99.99 kuwa kimanin minti 53. Kowane 9 da aka ƙara, kuɗinsa ninkawa yake yi. Shafin ƙungiyar ƙauye zai iya jure yini guda a rufe. Shafin da ake duba sakamakon jarrabawa ko ake karɓar kuɗi a kansa ba zai iya ba. A rubuta a takardar yarjejeniya abin da aka ɗauka: sau nawa ake kwafi, a ina yake, cikin awa nawa za a dawo da shi, kuma idan an rabu ta yaya mai kaya zai karɓi kayansa. Araha ba ta ado, kuma mai masaukin da ya karya farashi ta hanyar cire kuɗin kwafi, da kayan baƙonsa yake caca.

Ga 'yan'uwanmu da ke ƙetare, waɗanda guminsu ne zai zama jarin, kuna da haƙƙin yin tambaya ko ba ku san kwamfuta ba. Idan ƙanenku ya turo jerin kayan da zai saya, ku ce ya nuna muku layin kuɗin kwafi na biyu da na uku. Ku tambaye shi yaushe ya gwada dawo da shafi, awa nawa ya ɗauka. Ku tambaye shi wa ke da mabuɗan sirri bayan shi, idan ya kwanta rashin lafiya ko shi ma ya tafi bida. Idan amsarsa ita ce babban kamfani ne, ba abin da zai faru, ku tuna masa da Strasbourg. Haka ma shugabannin ƙungiyoyi da makarantu: ku karɓi kwafin kayanku a hannu lokaci-lokaci, kuma sunan shafinku ya kasance a rajiste da sunan ƙungiya, ba da sunan wanda ya gina shi ba.

Akwai kuma rabon hukuma. Aikin wayar fayiba ta ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi shimfiɗa fiye da kilomita 1,000 zuwa iyakokin Aljeriya da Chadi da Najeriya da Benin da Burkina Faso, da gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Wannan babban ci gaba ne, domin ƙasar da ke da ƙofofi biyar ba ta rufuwa da toshewar ɗaya. Muna kira da kada cibiyar ta zama ta ma'aikatun gwamnati da bankuna kaɗai. A ware wa ƙananan masu sana'a wuri, a bayyana farashi a fili, a karɓi biya da sefa, yadda matashin Tahoua zai ajiye kwafi ɗaya a cikin ƙasarsa ba tare da neman katin waje ba. Kuma darasin raba ajiya ya hau kan gwamnati ita ma. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na kwanaki. Cibiya ɗaya a gari ɗaya rumbu ɗaya ce, komai kyawun gininta. Idan aka zo zaɓen wuri na biyu, Tahoua tana da hujja: tana da nisan fiye da kilomita 500 daga babban birni, tana kan hanyar Agadas da Arlit inda layin Aljeriya ya faro, tana da rana, tana kuma da Jami'ar Djibo Hamani da za ta iya horar da masu kula da injunan. Ita ma jami'ar ta sa gwajin dawo da bayanai a cikin abin da ɗalibi zai yi da hannunsa kafin a ba shi takarda.

Wutar lantarki da wayoyin teku da takunkumi ba a hannun matashin Tahoua suke ba. Amma sayen faifai guda a ajiye a akwati, da biyan kamfani na biyu, da ware rana ɗaya a wata don gwaji, waɗannan a hannunsa suke, kuma kuɗinsu bai kai na wayar da ke aljihunsa ba. A sana'ar amana labari ba ya kwana: wanda ya ɓatar da rajistar makaranta ɗaya, kafin magariba an ji a Tahoua, kafin Juma'a an ji a Abijan. Wanda kuma ya dawo da ita washegarin ɓarna, ta wannan hanyar ce sunansa zai bi. Allah Ya sa albarka a neman matasanmu, na gida da na bida.